Tsakanin Na Da Ki

Ranar da ta fara zuwa rumfarsa, takalminta ya fara gani kafin fuskarta. Yana durƙushe a kan wata ƙofar ƙarfe, baƙin gilashi a ido, sai ya hangi farin takalmi ya tsaya dab da inda wuta ke zuba.

"Ja da baya, 'yar'uwa," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Wutar nan ba ta san kwalliya ba."

"Kai ne Tartsatsi mai walda?"

"Haka suke kirana."

Ya kashe inji, ya ture gilashin zuwa goshi. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa a gaban 'yan kwangila, sai ga shi tsaye yana kallon wata doguwar yarinya mai jaka cike da takardu, alli ya ɓata mata hannun riga.

Ta ce ita ce malamar ajin manya da aka buɗe a tsohon sito, can ƙarshen layi. Gangami ne na ƙasa baki ɗaya, ana so kowane babba ya iya karatu da rubutu da ɗan lissafin yau da kullum. Allo take so a yi mata, mai haruffan ƙarfe, wanda ruwa ba zai wanke ba. Ta miƙa masa takarda: ƘOFAR ILIMI, KARATUN MANYA.

Tartsatsi ya karɓa yana gyaɗa kai, kamar yadda ya saba yi wa kowace takarda tun yana yaro. Shi a wurinsa rubutu zane ne, irin zanen taga: a ba shi ya kwafa. Da ya zo yanka ƙarfe, ya lura harafin farko da wani na ƙasa iri ɗaya ne, sai dai na farkon yana da wata 'yar lanƙwasa a ka. Ya ce a ransa biron Malama ne ya zame. Ya gyara mata, don ya burge ta.

Da ta dawo, ta daɗe tana duban allon.

"Aiki ya yi kyau. Amma ina ƙugiyar?"

"Wace ƙugiya?"

"Ta kan harafin farko. Ka ce ƙofa."

"Ƙofa."

"Ka ce karatu."

"Karatu."

"Ka ji? Bakinka ya san ba ɗaya ba ne."

Ta dube shi, shi kuma ya dubi ƙasa. A nan ta gane, ya kuma san ta gane. Ya jira dariya, don ya sha ta a banki, ya sha ta a asibiti. Ba ta yi ba. Ta ce kawai, "Idan ka sa ƙugiyar ka kawo allon, ka zauna ka huta. Akwai benci, ba a biyan kuɗin zama."

Haka Tartsatsi ya je kafa allo ya kafa kansa.

Ajin ba wani aji ba ne. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da fankar da ta daina juyawa tun zamanin masu siton, da benci huɗu. Bayan la'asar ake haɗuwa. Akwai Iya mai sabulu, wadda ba ta son komai a duniya illa ta karanta abin da ke jikin kwalbar maganin mijinta. Akwai wani tela, da wani mai gadi da ke zuwa ya rama barci. Da fari ana rigimar wurin zama. Da tafiya ta yi nisa, sai kowa ya samu benci nasa shi kaɗai, domin ciki ba ya jiran a gama baƙaƙe.

Gaskiya kuwa, Tartsatsi ba ɗalibi ne mai kai ba. Hannun da ke riƙe wuta ba ya rawa, da ya kama fensir sai ya jiƙe da gumi. Abin da ya koya yau, gobe ya zube. Sau da yawa yakan fito daga aji yana jin cewa an makara, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta yi tsatsa. Abin da ke mayar da shi washegari ba son ilimi ba ne, kada in yi muku ƙarya. Yadda Malama ke sunkuyowa ta gyara masa riƙon fensir ne.

Ita ta kafa masa doka: tsakaninsu babu saƙon murya, sai na rubutu.

Saƙonta na farko ya shigo yana tsaka da aiki. "Tartsatsi, sannu da aiki. Ka zo aji yau, kada ka makara."

Bai bai wa kowa ya karanta masa ba. Ya kwafe shi da alli a jikin wani farantin ƙarfe, yana bin sa baƙi baƙi tsakanin aiki da aiki. Kafin ya gano abin da ta ce, yau ɗin ta zama shekaranjiya. Wayarsa kuma ƙarama ce mai maɓallai, ba ta san ƙugiya ba. Duk inda Malama ta rubuta harafi mai ƙugiya, sai ta nuna masa ɗan akwati babu komai ciki.

Amsarsa ta farko ita ce: "inazuwamalama"

Ta mayar masa: "Kalmomi ba ƙarfe ba ne, ka daina yi musu walda. Bar musu tazara su sha iska."

Wannan ta zama rigimarsu ta kullum. Shi mutum ne da ya tashi yana haɗa abubuwa, ganin rata tsakanin abu biyu yana damunsa. Ita kuma jan bironta ba ya gajiya da tsaga masa kalmomi.

Bayan damina ta wuce, wata rana ya zauna a bayan rumfa, ya yi ta maza ya tura mata: "inasonki"

Amsa ba ta daɗe ba. "Raba su tukuna, sannan in ba ka amsa."

Ya yi gumi, ya goge, ya sake. "ina son ki"

"Ka gani? Ki tana zaman kanta. Ni ma ina son ka, Tartsatsina."

Ya karanta wannan saƙon har ya haddace shi, ya ci gaba da karantawa bayan ya haddace. Tun daga ranar yake kiranta Ƙugiya, wai ita ta kamo shi. Ta ce sunan ba daɗi. Amma in ya yini bai faɗa ba, sai ta tambaya ko lafiya.

"Ƙugiyata," yakan ce idan yana raka ta bakin titi, "wai me kika gani a wurin mutumin da b da d suka fi ƙarfinsa?"

"Na ga mutumin da ya ga abu a karkace ya gyara, ko da ba a sa shi ba."

"Ai ɓatawa na yi."

"Ka ɓata da kyakkyawar niyya. Wasu kuwa da digiri suke ɓatawa."

Ranar da ya je gaida mahaifinta, ya sa rigar da babu ƙunar wuta ko ɗaya a jikinta. Baba tsohon direban babbar mota ne, ido ya fara yi masa hazo, amma kunne da baki suna nan garau. Ya bar shi ya gama gaisuwa, sannan ya ce, "Yaro, ka iya karatu?"

"Ina koyo, Baba."

"Ba ita na tambaye ka ba."



Baba ya ɗaga babban yatsansa na dama. "Ka ga wannan? Shi ya cinye mini mota. Aka kawo takarda, aka ce ta inshora ce, na dangwala. Ashe sayarwa na yi. A gaban alƙali aka karanta mini abin da wai ni na faɗa. Tun ranar na rantse 'yata ba za ta zauna gidan da ake dangwale ba. Na hana cikina na sa ta a makaranta. Yanzu kuma ta je ta kwaso mini irina?"

"Baba, zan iya."

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Ƙarfe ma yana tanƙwaruwa, Baba, in an sa masa wuta."

"To je ka sha wutar. Kada in ƙara jin takunka a ƙofar gidan nan."

Tartsatsi bai ji haushinsa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da a ce tsohon raina shi ya yi, da ya samu abin faɗa. Amma tsoro ne ya ji a muryarsa, irin tsoron da shi ma yake kwana da shi.

A wannan tsakanin ne Mai Jawabi ya fara yawaita zuwa. Jami'i ne daga hedikwatar gangamin, 'yan aji suka sa masa sunan domin ko gaisuwa zai yi sai ya gyara murya. Yakan zo da mota da mai ɗaukar hoto da huluna masu rubutun Gemu Ba Ya Hana Ilimi. Alli kuwa, Malama ke saye da kuɗinta. Ba mugu ba ne, shi dai mutum ne da ya fi ganin jama'a a taro fiye da mutum ɗaya a gabansa. Ya ga Malama ya yaba. Ya gano hanyar gidansu, ya riƙa zuwa yana karanta wa Baba jarida da murya mai daɗi, Baba yana lumshe ido.

Mai Jawabin ne ma ya bai wa Tartsatsi kwangilar ƙera firam na manyan allunan talla da za a kafa a gari. Tartsatsi ya yi murna, ya zuba duk gwanintarsa.

Da aka manna hotunan, wani maƙwabcin rumfa ya zo yana dariya. "Ka zama babban mutum. Je ka shataletale ka ga kanka."

Ya je. Ga shi nan kuwa a sama, ya fi gidan bene tsawo, fensir a hannu, yana murmushi. Ya tuna ranar: Malama yake wa murmushin, tana tsaye a bayan mai hoto. Daɗi ya kama shi. A ƙarƙashin hoton akwai manyan haruffa, sai ya ce bari ya gwada sa'arsa. Ya tsaya a gefen titi, motoci na wucewa, yana motsa leɓe.

NA GIRMA BAN IYA RUBUTA SUNANA BA. KADA KA ZAMA KAMAR NI.

Wannan ita ce doguwar magana ta farko da Tartsatsi ya karanta a rayuwarsa nan take, shi kaɗai, babu mai taya shi, bai kuma yi kuskure ko ɗaya ba. Ya sake bi daga farko ko zai samu inda ya ɓata. Bai samu ba. Ya dubi ƙafafun allon, ya ga ɗinkin waldarsa, mai kyau, wanda iska ba za ta kayar ba nan kusa.

Ya daina zuwa aji. Ya daina ɗaukar waya. Masu kawo aiki suka fara karanta masa awo da ƙarfi, a hankali, kamar suna magana da kurma. Yara masu wucewa makaranta sukan leƙo rumfa su ce, "Kada ka zama kamar ni," su ruga.

Malama ta zo da kanta, ta tsaya inda ta tsaya ranar farko.

"Tartsatsina."

Bai kashe inji ba sai da ta sake kira.

"Kin sani?" ya ce.

"Na san an ɗauki hoto. An ce na ƙarfafa gwiwa ne. Wallahi ban ga abin da za a rubuta ba."

"Ke ma kin dangwala ke nan ba ki karanta ba."

Maganar ta same ta. Ta ce ta je har hedikwata, an ce kuɗin cirewa babu shi a kasafi. Ta ce ya dawo aji, saura kaɗan. Shi kuwa ya saukar da gilashinsa ya kunna wuta, don kada ta ga idonsa. Yana son ta, a lokacin ma ya fi son ta, amma ya ji kamar duk ƙasar ta taru ta gaya wa Baba cewa ya yi gaskiya.

Ba a jima ba rediyo ya kawo sauran labarin. Ƙudirin dokar da za ta sa a riƙa ware wa karatun manya kuɗi duk shekara ya faɗi a majalisa. Mai labarai ya ce ya kasa tsallake karatu na biyu. Tartsatsi ya yi wata dariya mara daɗi, ya ce ashe ba shi kaɗai karatu ke kayarwa ba. Masu tallafi suka janye. Aka ce duk azuzuwa za a rufe a ƙarshen wata. Allunan talla dai an riga an biya, suna nan.

Ana cikin haka saƙonta ya shigo da tsakar rana. Ya ɗauki wayar ya koma bayan rumfa.

"Tartsatsina, na yi ta kira. Mai Jawabi ya turo manyansa. Na yi wa Baba kuka har ya sauko. Ya ce ka zo ka karanta masa layi ɗaya a gabansa, ko da guda ne, ya ji da kunnensa. Ni kai nake jira. Gaya mini gaskiya, za ka zo, ko ka ƙi ni ne?"

Ya sha wahala kafin ya kai ƙarshe. A wurin kalmar ƙi, wayarsa ta nuna masa ɗan akwatinta, amma ya gane. Zuciyarsa ta narke. Ya so ya kira ta, sai ya tuna dokarsu, ya ce a'a, wannan amsar da hannunsa zai rubuta ta, ta ga wahalarta ba ta tafi a banza ba.

Abin da ke ransa gajere ne: ni naki ne. Ya danna shi a haɗe kamar yadda ya saba, sannan ya tsaya. Yau ba ranar walda ba ce. Ya tuna jan biro, ya tuna ta ce ki tana zaman kanta. Ya koma a hankali ya buɗe wa kowace gaɓa tazara, ya duba, ya ga bai taɓa yin rubutu mai tsabta irin wannan ba. Ya tura.

"Ni na ki ne"

Bawan Allah bai san abin da ya aikata ba. Malama ta san wayarsa ba ta da ƙugiya, ta saba ɗora masa ita da idonta duk inda ta ga ya dace. Ta tambaye shi ko ya ƙi, ga amsa ta zo a rarrabe, tsaf, babu alamar kuskure: ni na ƙi ne.

Ya jira amsa har rana ta faɗi. Washegari ya kira, waya a kashe. Ya je sito, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire allon, sai ramukan ƙusa. Gidansu kuwa Baba ya ce sai ya zo da karatu, shi kuma shirun nan ya karya masa gwiwa: ya ɗauka ta sake tunani, ta ga rubutun nasa ta tuna ko wane ne shi.

Iya mai sabulu ce ta ƙarasa shi. Ta biyo ta rumfa da kwalbar magani a hannu, za ta wurin mai kemis ya karanta mata, kamar da.

"Ɗana, ka ji Malama za ta auri Mai Jawabi? An ce ta ce wa ubanta ya yi yadda ya ga dama."

"Allah ya sa alheri," in ji Tartsatsi.

"Mu dai an bar mu a tsakiyar kogi. Na san baƙaƙen, ban san haɗa su ba."

Ya koma bakin aiki. Ya ce wa kansa alƙalami ya riga ya bushe, kuma dama ba da hannunsa aka rubuta ba. Ya ci gaba da yanka ƙarfe yana haɗawa, ba ya jin yunwa, ba ya jin ƙuna.

Wata safiya sai ya ji ana dukan ƙofar da yake aiki a kai da sanda. Ya ɗago. Baba ne, shi kaɗai, ya lallaɓo da hazon idonsa har rumfa.

"Kai," ya ce, yana huci. "Ni na ƙi ka, wannan hakkina ne, ni na haife ta. Amma kai wane ne da za ka ƙi 'yata? Yarinya ta daina ci, ta daina magana. Me ta rasa? Faɗa mini a nan, baki da baki. Ni ba na karɓar magana daga takarda."

"Ni, Baba? Na ƙi ta?"

"Ita ta karanta mini da bakinta. Ni na ƙi ne. Ko ba kai ka rubuta ba?"

Tartsatsi ya laluba aljihu ya ciro wayar, ya nemo saƙon. Suka sunkuya a kansa su biyu, tsoho da ba ya gani da saurayi da bai gama koyo ba.

"Ga shi, Baba. Bari ka ji." Ya ɗora yatsa a kan gilashin. "Ni. Wannan n, wannan a, na. Wannan k ce, ba mai ƙugiya ba, da i, ki. Ne. Ni... na... ki... ne. Ni naki ne, Baba. Nata. Cewa na yi ni nata ne."

Baba ya matso da kunnensa.

"Sake karantawa."

Ya sake.

"Abu ɗaya, ita ta karanta ƙi, kai ka karanta naki?"

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya nemi wani guntun ƙarfe ya zauna. Ya daɗe yana juya sandarsa. "Ni na zaci wanda bai iya ba kaɗai takarda ke cuta," ya ce a hankali. Can kuma ya ɗago. "Layi nawa ka karanta mini yanzu?"

"Ɗaya, Baba."

"To ai shi na ce. Rufe rumfar nan ka kama mini hannu, titin nan ya fi ƙarfin idona."

Sun same ta a tsakar gida tana ninke hulunan gangami da suka rage, ta rame. Da ta gan shi ta miƙe za ta shige ɗaki, Baba ya ce ta tsaya ta ji karatu. Tartsatsi ya karanta a karo na uku.

Malama ta karɓi wayar ta duba. Ta rufe baki da hannu. Shi bai iya gane ko dariya take ko kuka ba, da alama ita ma ba ta sani ba.

"Naki kalma ɗaya ce, Tartsatsina. A haɗe take."

"Ke kika ce ki tana zaman kanta."

"Wannan dabam ce."

"To ta yaya mutum zai sani, Ƙugiyata?"

Ta share ido da bayan hannu. "Darasin wata mai zuwa ne. Ba mu kai wurin ba aka rufe ajin."

Mai Jawabi bai ja da maganar ba. An riga an mayar da shi wani sabon gangami, da sabbin huluna, ya aiko da fatan alheri mai shafi biyu.

Aka ɗaura aure ba da wani taro mai yawa ba. Motar da ta ɗauko amarya ta bi ta shataletale, ta ƙarƙashin hoton ango, wanda rana ta fara cinye wa fuska amma rubutun yana nan raɗau. Malama ta kama hannunsa har suka wuce.

Sito ya koma wurin ajiye siminti. Malama ta nemi aiki ba ta samu ba, ta kafa ɗan allo a tsakar gidansu ta aika wa 'yan aji. Tela ya ce kasuwa ta hana shi. Mai gadi ya samu wani wurin barci. Iya ta zo sau biyu, daga nan jikin mijinta ya yi tsanani. Tartsatsi kansa har yau in ya ga doguwar takarda sai gabansa ya faɗi.

Allon ajin kuwa, masu siminti suka sayar wa 'yan gwangwan, ya zaga ya faɗo rumfarsa a cikin tarkace. Ya gane aikinsa. Ya yanko haruffa huɗu daga ciki, ya jera su, ya matse su har babu inda allura za ta shiga, ya bi su da wuta. Ya kafa a ƙofar ɗakin amarya: NAKI.

"Yau kam ba zan sa jan biro ba," in ji Malama.

Da Baba ya zo ganin ɗaki, aka kai shi bakin ƙofar. Ya ɗaga hannu yana shafa ƙarfen da yatsu, daga wannan gefe zuwa wancan, har Tartsatsi ya tsayar masa da yatsa a kan K.

"Wannan ce ta zaman lafiyar?"

"Ita ce, Baba."

"Ina mai ƙugiyar, wadda ta so ta raba ku?"

Tartsatsi ya ɗauko ta daga cikin ragowar allon ya sa masa a hannu. Baba ya bi ta da babban yatsansa, wannan dai yatsan, har ya kai kan 'yar lanƙwasar ya tsaya.

"Ashe 'yar wannan ce," ya ce.

"Baba, in kana so, kullum da yamma sai mu riƙa..." Malama ta fara.

"A'a, uwata. Ni tawa ta wuce. Da ina da ido babu aji, da aji ya zo babu ido, yanzu ma ajin ya tafi." Ya jefa harafin a aljihun rigarsa, aljihun ya rinjaya gefe ɗaya. "Wannan dai na san ta. Ta ishe ni."

Ya lalubo kan Tartsatsi ya dafa, ya lalubo na 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya haɗa kanku yadda yaron nan ya haɗa ƙarfen nan. Abin da zai ba ku, ku sa shi a makaranta tun yana ɗanye. Kuma in ɗayanku ya rubuta wa ɗaya magana mai nauyi, ya taka ya je ya faɗa da baki."

Suka ce amin. Tartsatsi ya kama masa hannu zuwa bakin titi, harafin yana bugun sandarsa a hankali duk taku.